Ranar Waliyyi Patrick a filin wasa: tambayoyi da amsoshi kan koren bikin 'yan Ayalan

Duk wanda ya saba bin tashoshin wasanni na waje ya san akwai wani mako a tsakiyar watan Maris da allon talabijin ke rinewa kore shar. Ƙungiyar da aka sani da jar riga sai a gan ta cikin koriya, 'yan kallo sun kafa dogayen huluna, wasu sun manna jan gemu na roba, mai sharhi kuma bakinsa ba ya rabuwa da sunan Ayalan. Bikin ranar Waliyyi Patrick ke nan, 17 ga Maris. Ga tambayoyin da masu kallo suka fi yi a kansa. Wasu amsoshin sun yi tsawo, domin labarin da ke ƙarƙashinsu ba ya gutsuruwa.

Wane ne Patrick ɗin, me kuma ya haɗa shi da wasanni?

Mai wa'azin Kirista ne na ƙarni na 5, kuma ba a Ayalan aka haife shi ba. Ɗan Birtaniya ne na zamanin Rumawa. Yana da shekara 16 mahara suka kama shi suka ƙetare teku da shi, ya yi shekara shida yana kiwo cikin bauta kafin ya gudu. Daga baya ya komo ƙasar da ta bautar da shi yana wa'azi, har ya zama waliyyin da ƙasar ke jingina da shi. Ranar 17 ga Maris ake ɗauka ya rasu. Ana cewa da wata 'yar ciyawa mai kunne uku, shamrok, yake yi wa mutane bayanin aƙidarsa, ita ce kuma kake gani a ƙirjin 'yan wasan zari-ruga na Ayalan da tambarin Boston Celtics.

Shi kansa ba ruwansa da ƙwallo. Ranarsa ce ta zama hutun ƙasa tun 1903, ta kuma faɗo daidai lokacin da sanyi ke ja da baya, gasanni na kaiwa ƙarshe. Jama'a sun sauko daga coci, ba aiki, sai fili. Kamar dai yadda hawa ke biyo bayan idi.

Me ya sa bikin ya fi armashi a Amurka da Birtaniya?

Saboda waɗanda suka bar gida ne suka raya shi. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, abincin talakan tsibirin. Wajen mutum miliyan ɗaya yunwa da cuta suka kashe, fiye da miliyan ɗaya suka hau jiragen ruwa zuwa Liverpool da Glasgow da Boston da New York, ƙaurar kuma ba ta tsaya nan ba. Kafin yunwar mutanen tsibirin sun haura miliyan 8, adadin da har yau ba su sake kaiwa ba. A Amurka kuwa sama da mutum miliyan 30 ke cewa suna da jinin Ayalan.

Ba a yi musu maraba ba. Matalauta ne, 'yan Katolika, a garuruwan da 'yan Furotesta ke riƙe da aiki da mulki. Sai suka yi abin da baƙo ke yi: suka haɗa unguwa, suka gina coci da makaranta, suka kafa ƙungiyar wasa. Bahaushen da ya san zangon Kumasi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mu muna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su sai suka ɗinka gidan a jikin riga suka sa wa 'ya'yansu.

Faretin New York ya samo asali tun 1762, ya girmi ƙasar Amurka kanta. A Chicago tun 1962 ake rina kogin da ya ratsa gari ya koma kore. A Dublin kuwa ranar ta daɗe a matsayin ranar ibada da abincin rana cikin iyali, sai a tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta mai da ita bikin kwanaki don jawo baƙi. Gida ya koyi shagalin ne daga wajen 'ya'yansa na ƙetare.

To a can cikin Ayalan, wane wasa ne nasu na gado?

Biyu ne manya: hurling da ƙwallon Gaelic. Mata na da nasu hurling ɗin, camogie. Na mazan biyu suna ƙarƙashin hukumar GAA, wadda aka kafa ranar 1 ga Nuwamba 1884 a wani otal a garin Thurles, a daidai lokacin da wasannin Ingila ke mamaye ƙasar, harshen gado kuma ke mutuwa. Michael Cusack, malamin makaranta, shi ne ja-gaba.

Abin da ya bambanta GAA da duk ƙwallon da muka saba kallo shi ne ba a biyan ɗan wasa albashi, ba a kuma sayar da shi. Inda aka binne cibiyarka nan za ka buga: ƙungiyar unguwarku ko ƙauyenku, in ka yi fice kuma a kira ka ta gunduma. Mutum zai buga gaban 'yan kallo 82,300 a Croke Park, babban filin GAA da ke Dublin, ran Lahadi, ran Litinin ko Talata a same shi a aji yana koyarwa, ko a gona wajen shanu. Ƙungiyoyin sun haura 2,000 a tsibirin, ga wasu ɗaruruwa a ƙasashen waje, har da Dubai da Doha.

Shekaru da dama ranar Waliyyi Patrick ita ce ranar wasan ƙarshe na zakarun ƙungiyoyin unguwanni. Ƙauye guda sai ya kulle ƙofofi ya hau mota zuwa Dublin, daga jariri har tsohuwa. An yi na ƙarshe a wannan rana a 2019, daga 2020 aka mai da shi Janairu don sauƙaƙa jadawali. A ganina an yi asara. Wanda ke neman ainihin gadon Ayalan a wasanni, a wannan ranar yake, ba a shagon sayar da huluna ba.

Yaya ake buga su?

Kowane ɓangare mutum 15. Turakun raga kamar harafin H suke. In ƙwallo ta shiga raga maki uku, in ta wuce ta saman sandar tsakiya maki ɗaya. A ƙwallon Gaelic ana kamawa da hannu, ana bugawa da ƙafa, amma ba a yin gudu da ita haka kawai sai ana tambara ta a ƙasa ko a taɓa ta da ƙafa. Daga 2025 aka ƙara doka: harbi daga nesa, bayan wani zagayen layi, maki biyu ne.

Hurling ɗan'uwan ƙwallon gora ne, sai dai ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Sandar katako ce mai faffaɗan kai, ƙwallon kuma ƙarama mai tauri da ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Ɗan wasa zai ɗora ta a kan sandar yana gudu, ya cilla ta sama ya maka, wani ya yi tsalle ya cafe da hannu tsirara cikin sanduna na shawagi. Sai a 2010 aka wajabta wa manya hular kwano. UNESCO ta sa wasan cikin al'adun gado na duniya a 2018.

Me ya sa suke ambaton Croke Park kamar wani wuri mai alfarma?

An zubar da jini a wurin. Ranar 21 ga Nuwamba 1920, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, da safe mayaƙan Ayalan suka kashe wasu jami'an Birtaniya a Dublin. Da rana jami'an tsaro suka shiga filin ana wasa tsakanin Dublin da Tipperary, suka buɗe wuta. Mutum 14 suka mutu, cikinsu da yara da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan, wanda babbar rumfar filin ke ɗauke da sunansa har yau.

Shi ya sa GAA ta daɗe da taurin kai. Har zuwa 1971 ɗan ƙungiya bai isa ya buga ƙwallon ƙafa ko zari-ruga ko kurket ba, kai ko kallo ba a yarda ya je ba. A 1938 ma sun cire shugaban ƙasa, Douglas Hyde, daga matsayin uban ƙungiya don ya halarci wasan ƙwallon ƙafa da Poland. Sai a 2005 aka sassauta dokar da ta hana baƙin wasanni shiga filin, saboda za a sake gina filin Lansdowne Road, inda aka saba buga zari-ruga da ƙwallon ƙafa. Ranar 24 ga Fabrairu 2007 tawagar zari-ruga ta Ingila ta zo. An yi makonni ana fargabar abin da zai faru in aka rera taken Ingila a wannan fili. Aka rera, jama'a suka yi tsit har aka gama, suka tafa. Da aka ɗauko nasu taken kuwa manyan ƙarti suna hawaye. Sannan suka lallasa Ingila 43 da 13.

Celtic a Scotland take. Me tutar Ayalan ke yi a filinta?

Wani malamin Katolika ɗan gundumar Sligo, Brother Walfrid, shi ya kafa ta a Glasgow a watan Nuwamba 1887, don a riƙa tara kuɗin ciyar da yaran baƙin Ayalan da ke gabashin birnin. Ya ga abin da Hibernian ta yi a Edinburgh tun 1875, sunan da ya fito daga Hibernia, wato Ayalan da Latin. Wasan Celtic na farko, a 1888, da Rangers ne, ta ci 5 da 2. Da aka buɗe sabon fili a 1892, an kawo dunƙulen ƙasa mai ciyawa daga Donegal aka dasa. A 1952 hukumar ƙwallon Scotland ta nemi a sauke tutar, ƙungiyar ta ƙi, tana nan tana kaɗawa.

A 1967 Celtic ta doke Inter Milan 2 da 1 a Lisbon, ta zama ƙungiyar Birtaniya ta farko da ta ɗauki kofin Turai, da 'yan wasan da duk an haife su cikin tazarar mil 30 daga filinta. Jikokin masu gudun yunwa da maƙwabtansu ke nan. Har yau duk ranar wasa jiragen ruwa da na sama na kwaso magoya baya daga Belfast da Dublin da Donegal.

Tarihin nan ne ya sa siyasa ba ta rabuwa da rumfunan Celtic Park. A 2016 magoya baya suka ɗaga tutocin Falasɗinu a wasa da wata ƙungiyar Isra'ila, UEFA ta ci tarar ƙungiyar, su kuma suka tara kuɗin da ya ninka tarar sau da yawa suka ba ƙungiyoyin agaji a Falasɗinu. Amma kada a yi wa abin kwalliya da yawa. Gabar Celtic da Rangers ta ɗauki ƙiyayyar ɗarika a cikinta, ta jawo faɗa da rasa rayuka, kuma kowane ɓangare na da waƙoƙin da ba su dace a rera gaban yara ba.

Boston Celtics da Notre Dame fa?

Walter Brown ya kafa Celtics a 1946, ya zaɓi sunan da koriyar riga saboda Boston cike take da 'yan Ayalan. Tambarinta wani ɗan gajeren aljani ne na tatsuniyoyinsu, leprechaun, da lofe a baki yana juya ƙwallo a yatsa. Kofinta na 2024 shi ne na 18, ta wuce Lakers da ɗaya. Abin lura shi ne baƙaƙen fata ne suka gina mata yawancin wannan suna. Ita ce ta fara zaɓen baƙar fata a NBA, Chuck Cooper, a 1950, ita ce ta fara naɗa baƙar fata koci, Bill Russell, a 1966, mutumin da ya ci kofi 11 a birnin da ya sha nuna masa wariya.

Notre Dame jami'ar Katolika ce a jihar Indiana, kuma wani fada Bafaranshe ne ya kafa ta a 1842. Ɗalibanta ne suka kasance galibi 'ya'yan baƙin Ayalan, laƙabin Fighting Irish da ake jifansu da shi, wato mafaɗatan Ayalan, suka karɓe ya zama kirari. Tawagarsu ta ƙwallon Amurka ta buga da Navy a Dublin a 1996 da 2012 da 2023, kowane karo da dubban Amurkawa masu zuwa neman ƙauyen kakanni.

Su kuma ƙungiyoyin da ba su haɗa komai da Ayalan ba, me ya kai su sa koriyar riga?

Kasuwa. Cincinnati Reds ta besbol, wadda sunanta ma ja ne, ita ta fara fitowa cikin kore ranar 17 ga Maris 1978 a wasan share fage, aka yi dariya, aka ga kaya na fita, saura suka bi. A NBA an yi shekaru Chicago Bulls da New York Knicks na yin haka. Chicago White Sox ma ta ƙirƙiro bikin rabin hanya a watan Satumba, don kakarta ba ta kamawa a tsakiyar Maris. Wadda ke da hujja ita ce Toronto Maple Leafs ta ƙwallon gora na kan ƙanƙara: daga 1919 zuwa 1927 sunanta St. Patricks, don haka tsohuwar rigarta take ɗaukowa.

Waɗanne wasanni aka fi tunawa da su a ranar 17 ga Maris ɗin kanta?

Uku.

Na kusa shi ne na 2018. Gasar zari-ruga ta ƙasashe shida galibi a tsakiyar Maris take ƙarewa, a shekarar kuwa ta faɗo daidai ranar, a Twickenham, gidan Ingila, ana zubar ƙanƙara. Ayalan ta ci 24 da 15, ta kammala gasar ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba, karo na uku a tarihinta bayan 1948 da 2009. Ta sake a 2023, ranar 18 ga wata, a Dublin, da Ingilar dai. Kocin Ayalan a wasan na 2023, Andy Farrell, Ba'ingile ne, kyaftin ɗin Ingila a ranar kuma ɗansa ne na cikinsa, Owen.

Na biyu kurket ne, a 2007, a Kingston ta Jamaica. Ayalan ta je kofin duniya karon farko da 'yan wasan da yawancinsu hutu suka ɗauka daga wurin aiki. Suka haɗu da Pakistan, tsohuwar zakarar duniya, suka fitar da ita duka da maki 132, suka cim mata, suka kore ta daga gasar. A gida mutanen da ba su san ko dokar wasan ba suka kwana suna murna. Ana bikin duniya ake na ƙiyama: washegari aka tarar da kocin Pakistan, Bob Woolmer, ya rasu a ɗakinsa na otal.

Na uku ya fi daɗewa, kuma ɗan Afirka ta Yamma ne a tsakiyarsa. Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Senegal, ya buge gwarzon Faransa Georges Carpentier a Paris a 1922 ya zama zakaran damben duniya a ajinsa. Hukumomin Birtaniya suka hana shi dambe a ƙasarsu. Sai ya yarda ya kare kambunsa a Dublin, da ɗan Ayalan Mike McTigue, ranar Waliyyi Patrick ta 1923, ana tsakiyar yaƙin basasa. Bam ya tashi kusa da zauren kafin a fara. Aka yi turmi 20 ba kisa, alƙali ya ba McTigue. Har yau masu tarihin dambe na gardama kan hukuncin. Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne wanda ya ba shi shawarar zuwa: ɗan gida, a garinsu, ranar sallarsu.

Me ya sa ake cewa Cheltenham ta zama Ayalan a watan Maris, alhali a Ingila take?

Sukuwar dawaki masu tsallake shinge ce, kwana huɗu, Talata zuwa Juma'a, tsere 28. Ranar Alhamis ma da sunan Patrick ake kiranta. Ɗan Ayalan da doki kamar Bakatsine ne da doki, dubbai ke tara kuɗin shekara don wannan mako. Tun zamanin wani doki Arkle, da ya ci babban kofin sau uku a jere daga 1964 zuwa 1966, abin ya zama gasar ƙasa da ƙasa, daga 2014 ma aka sa kofi na musamman ga ɓangaren da dawakinsa suka fi ci. A 2021 dawakin Ayalan suka kwashe 23 cikin 28, sai dai ba ɗan kallo ko ɗaya saboda korona. Willie Mullins, mai horar da dawaki, ya cika nasara 100 a wurin a 2024. Rachael Blackmore ta zama mace ta farko da ta hau doki ta ci babban kofin, a 2022.

Caca ce ke juya makon, ba a ɓoye wannan. Da yawa kan koma gida ran Asabar aljihu wayam, sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Wace waƙa ce suke rerawa a hankali kamar ta makoki?

The Fields of Athenry. Ba tsohuwa ba ce, a ƙarshen shekarun 1970 aka tsara ta, amma labarinta na zamanin yunwa ne: saurayi ya saci hatsi don ciyar da iyalinsa, aka yanke masa hukuncin kora zuwa Ostireliya. Magoya bayan Celtic da na ƙungiyar zari-ruga ta Munster da na tawagar ƙasa duk suna rera ta. A gasar Turai ta 2012, Sifaniya na cin Ayalan 4 da nema a Gdansk, sakamakon da zai fitar da ita daga gasar, sai magoya bayanta suka ɗauki waƙar a mintunan ƙarshe ba su sauke ba har bayan busa. Roy Keane, tsohon kyaftin ɗin tawagar, bai ji daɗin abin ba, ya ce bai kamata a je gasa don waƙa kawai ba. A 2016 magajiyar garin Paris ta ba magoya bayan lambar yabo ta birnin saboda halin kirki.

Me ya sa akwai tawaga biyu a ƙwallon ƙafa, amma ɗaya a zari-ruga?

An raba tsibirin a 1921. Gundumomi 26 suka zama ƙasa mai cin gashin kanta, shida na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya. Hukumar ƙwallon ƙafa ta rabu biyu, ta Belfast da ta Dublin. Zari-ruga da kurket da GAA ba su rabu ba. Saboda ɗan Furotesta na Belfast da ɗan Katolika na Cork suna sanye da riga ɗaya, a 1995 aka tsara wa tawagar zari-ruga wata waƙa ta daban da kowa zai iya rerawa. A wasan gida a Dublin ana rera taken ƙasa da ita, a waje ita kaɗai.

Wanda bai taɓa taka Ayalan ba, ana karɓarsa a matsayin ɗan ƙasa?

Gardamar ke nan da ba ta ƙarewa. Akwai baƙar magana da 'yan gida ke yi wa irinsu, Plastic Paddy, wato ɗan Ayalan na roba. Amma tawagar da Jack Charlton, shi ma Ba'ingile, ya kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a kofin duniya na 1990, da yawa cikinta a Birtaniya aka haife su, ta iyaye ko kakanni suka cancanta. Ray Houghton, wanda ya ci Ingila a 1988 ya ci Italiya a 1994, haifaffen Glasgow ne.

Inda abin ke ciwo shi ne in ɗa ya juya. Jack Grealish ya buga wa matasan Ayalan, Declan Rice ma har wasan sada zumunta uku ya yi wa manya, sannan duka suka koma Ingila. A Satumba 2024 suka zo Dublin ana ta yi musu ihu, Ingila ta ci 2 da nema, kuma su biyun ne suka ci. Mu da muka karɓi Ademola Lookman hannu bibbiyu bayan ya ci wa matasan Ingila kofin duniya, mun san ɗaya gefen wannan ciniki.

Gaskiya ne bikin na shan giya ne kawai?

A tituna da yawa haka ya koma, kuma 'yan Ayalan da dama na jin haushin a ce da haka aka san su. Shekaru da dama a ƙarnin da ya wuce doka ce ta rufe mashaya a ƙasar a wannan rana, domin ranar ibada ce da ke faɗowa cikin azumin Kirista na kwana 40. Rinannen abin sha mai launin kore ƙirƙirar Amurka ne. Wanda ba ya sha bai rasa komai ba a wasannin: da rana ake faretin, yaran ƙungiyoyin GAA ne ke cika shi a ƙananan garuruwa, da sandunansu a kafaɗa.

Tun asali kore ne launinsu?

A'a, shuɗi aka fara dangantawa da Patrick, har yau tutar shugaban ƙasa shuɗiya ce. Kore ya samu gindin zama ne da masu tawayen 1798. A tutar ƙasar kore na 'yan Katolika masu kishin ƙasa ne, ruwan lemo na 'yan Furotesta, fari a tsakiya na zaman lafiya. In ka juya ta ta koma ta Kodebuwa. A 2018 a Birmingham Murielle Ahouré ta ci tseren mita 60 na duniya, aka rasa tutar ƙasarta a kusa, sai wani ɗan kallo ya miƙo ta Ayalan, ta juya ta ta yi zagayen murna.

Akwai abin da ya haɗa Najeriya da wannan biki?

Akwai, kuma ya fi yadda ake zato. Tun 1961 cocin Katolika ya ayyana Patrick a matsayin waliyyin Najeriya, saboda yawancin fada-fada da sistocin da suka yi aikin mishan a nan 'yan Ayalan ne. Su suka kafa St. John's College a Kaduna, Kwalejin Rimi ta yau, sistocin St. Louis kuma suka sauka Kano a 1948. Ga kuma koriyar riga da muka haɗa. Bikin farar kaza ne, balbela ba sai da gayyata ba.

A fili mun sha haɗuwa. A watan Mayu 2002 Super Eagles ta ci Ayalan 2 da 1 a Dublin, lokacin da Ayalan ke shirin karawa da Kamaru a kofin duniya. A 2023 Super Falcons ta yi canjaras ba ci da matansu a Brisbane ta wuce zagaye na biyu, su kuma suka sami makinsu na farko a kofin duniya. Yanzu kuwa duba sunayen masu sanye da korensu: Adam Idah, Gavin Bazunu, Andrew Omobamidele, da 'yar tsere Rhasidat Adeleke. Kafin su akwai Paul McGrath, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Chiedozie Ogbene a Legas aka haife shi, ya tashi a Cork yana buga ƙwallon Gaelic, a 2021 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya buga wa babbar tawagarsu.

Arewa ma ta taɓa sa rigar Celtic. Rabi'u Ibrahim ɗan Kano ya je a 2012, bai daɗe ba. Efe Ambrose, wanda ya tashi a Kaduna ya buga wa Kaduna United, ya je a shekarar, ya yi shekara kusan biyar, daga nan ya koma Hibernian. Ranar 7 ga Nuwamba 2012, kwana ɗaya bayan Celtic ta cika shekara 125, rumfuna sun rine kore da fari, yana tsakiyar masu tsaron baya lokacin da suka doke Barcelona ta Messi da Xavi da Iniesta 2 da 1. Victor Wanyama ɗan Kenya ne ya fara ci da ka.